Muhawara: Asirin na gidan ne, ko masu gidan ne suka shigo da shi?

Baban Ikram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na kalli fim ɗin nan na ban tsoro mai suna His House, wanda Remi Weekes ya ba da umarni, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a watan Janairun 2020, daga baya Netflix ta sake shi a ƙarshen Oktoban shekarar. Ina roƙon wanda bai kalla ba ya dakata a nan, domin abin da nake son mu tattauna ba zai yiwu ba sai an fasa ƙwai.

Bol da matarsa Rial sun gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, sun tsallaka teku a kwale-kwale, yarinyar da ke tare da su mai suna Nyagak ta nutse a hanya. Bayan an tsare su na wani lokaci a Ingila, sai aka ba su wani tsohon gida da ya sha jiki a gefen Landan, bisa sharaɗin ba za su yi aiki ba, ba za su sauya gida ba, kuma fam 74 za a riƙa ba su a mako. Da dare ya tsala sai a fara jin motsi da muryoyi a cikin bango.

Ga inda muka saɓa da uwargida. A yawancin finafinan tsohon gida, gidan ne ke da tarihi: an kashe wani a ciki, an binne shi a ƙarƙashin daɓe, sababbin mazauna kuma ba su ji ba ba su gani ba. A nan kuwa gidan ba shi da laifin kowa a wuyansa. Can kusa da ƙarshe ake gane cewa Nyagak ba 'yarsu ba ce, Bol ne ya ɗauke ta daga cikin cunkoso don a bar su su shiga mota, saboda masu yara kaɗai ake ɗauka. Ni na ce wannan ne ya sa fim ɗin ya fi sauran ban tsoro, ita kuma ta ce an yaudare ta, ta zo kallon gida mai aljanu aka ba ta labarin 'yan gudun hijira. Me kuka gani?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam, Baban Ikram. Ka gaida uwargida, amma a wannan karon ina bayanka. Gidan da asirinsa ke binne a ƙasa yana da magani mai sauƙi, wato ka kwashe kayanka ka bar shi. Wanda asirinsa ke cikin ƙirjin mai gidan kuwa, ko ina ya koma tare za su tare. Shi ya sa wurin da Bol ya je ofis yana roƙon a sauya musu gida, yana cewa ɓeraye ne suka dame su, ya ba ni tausayi fiye da wuraren da fatalwa ke fitowa, domin mu masu kallo mun riga mun fara zargin cewa ko an ba shi gidan sarki ba zai yi barci ba.

Kuma bari in yi ɗan alfahari kaɗan: Wunmi Mosaku da ta fito a matsayin Rial a nan Zariya aka haife ta a 1986, kafin iyayenta su koma Manchester da ita tana jaririya. Wannan rawar ta sa an saka ta cikin jerin masu neman kyautar fina-finai ta Birtaniya, wato BAFTA, a rukunin jarumar mata a 2021, shekarar da shi Weekes ya ci kyautar fitaccen aikin farko.

Maman Hanif:
Baban Ikram, ni ra'ayina ya fi kusa da na uwargidanka, sai dai dalilina daban ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Ingila, kuma ban yarda cewa gidan nan ba shi da laifi ba. Ku tuna ranar da aka kai su: ƙofar shiga ta ɓalle a hannun jami'in da ya kai su, fitila ba ta kamawa, ga ragowar abincin wasu da kyankyasai a ciki, ga fuskar bango tana ɗayewa. Jami'in kuma yana ta nanata musu cewa gidan ya fi nasa girma, ma'ana su yi godiya su yi shiru. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Mai neman mafaka a nan ba ya zaɓen inda za a ajiye shi, galibi ba a ba shi izinin aiki, kuma kuɗin da ake ba kowane mutum a shekarun da aka shirya fim ɗin bai wuce kusan fam 37 a mako ba, wanda idan ka ninka biyu ka samu fam 74 ɗin da aka ambata.

Akwai kuma abin da wanda ya saba da ginin ƙasa ko na bulo ba zai lura da shi ba. Yawancin bangayen cikin gida a nan holoƙo ne, allo ne aka lulluɓa a kan katako, tsakiyar kuma wayoyin lantarki da bututun ruwa ke bi. Idan dare ya yi sanyi bututun nan kan yi ƙara kamar ana ƙwanƙwasawa. Watannina na farko a wani tsohon gidan haya, sai in tashi ƙarfe biyun dare in yi ta karanta Ayatul Kursiyyu, ashe na'urar ɗumama ɗaki ce ke hucewa. To, ka ɗauki mutumin da ya ga abin da Bol ya gani, ka hana shi aiki, ka hana shi ƙaura, ka kulle shi da irin wannan bango yini da kwana. Ni a wurina gidan da dokar da ta ɗaure su a cikinsa suna da nasu kaso.

Baban Ikram:
Hajiya, wannan bayani na bango ya warware mini wani abu. Na yi ta mamakin yadda Bol ke fasa bango da guduma cikin sauƙi har ya zura hannu ya jawo waya, wayar ta rikiɗe ta zama igiya mai ciyawar teku, 'yar tsanar Nyagak na ɗaure a jikinta. Na ɗauka sakacin masu shirya fim ne. Amma duk da haka ina ganin abin da kika lissafa tsaga ce kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gaskiya ne, sai dai ƙadangaren nan a jakarsu suka zo da shi.

Malam Na Tudun Wada:
Ina ganin fim ɗin da kansa ya amsa tambayar, ta bakin Rial, a daren da ta shimfiɗa abinci a ƙasa tana ci da hannu shi kuma ya dage sai da cokali mai yatsu. Ta ba shi labarin wani mutumin kirki a ƙauyensu da son mallakar gida ya kai shi ga sata, har ya saci kayan wani tsoho a bakin kogi, bai san tsohon apeth ba ne, wato mayen dare a al'adar ƙabilar Dinka ta Sudan ta Kudu. Da ya gina gidan sai apeth ya tare tare da shi a cikin bango. Ma'anar labarin a fili take: gidan da aka gina da kayan wani, mai kayan yana da ɗaki a ciki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya ja hankalina shi ne bambancin wannan halitta da maye kamar yadda Bahaushe ya san shi a labaran gargajiya. Namu mayen kwaɗayi ne ke tura shi, ya kama kurwar wanda bai yi masa komai ba, shi ya sa jama'a kan taru a kansa su ce sai ya tsallake marar lafiya ya saki kurwar. Wannan na fim ɗin kuwa mai bin bashi ne. Bai zo da ƙarya ba, abin da yake tuhumar Bol da shi ya faru. Yaya za ka kori abin da ya fi ka gaskiya? A nan tsoron yake, ba a cikin fuskokin da ke leƙowa ta ramin bango ba.

Uwar Biyu:
Malam, ka yi mini daidai, kuma ina so in faɗi abin da na ga maza a nan suna zagaye shi. Bol ɓarawon yaro ne. Ba zan manta da wurin nan ba: motar ta tashi, uwar yarinyar ta fito daga cikin jama'a tana bin motar da gudu tana kiran sunan 'yarta, yarinyar tana kuka tana kiran uwarta ta gilashin baya, ga harbi na tashi. Ni uwa ce, na taɓa neman ɗana na minti goma a kasuwa ranar jajibirin salla, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Wannan matar an raba ta da 'yarta har abada, fim ɗin bai ko gaya mana sunanta ba. Sa'an nan a teku da kwale-kwalen ya yi hatsari, matarsa ya ceto, yarinyar da ta zame musu tikitin mota ta tafi. Duk abin da ya same shi a gidan nan bai kai rabin abin da ya cancanta ba.

Ɗan Agadas:
Anti, ban musa miki ko kalma ɗaya ba, amma ina roƙon ki bar ni in faɗi abin da idona ya gani. A Agadas na tashi, kuma kafin dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda gwamnatin soja ta soke a Nuwamban 2023, duk ranar Litinin muna ganin motocin Hilux suna fita zuwa Dirku da Libiya. Mutum ashirin da wani abu a bayan mota ɗaya, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sanda da aka soke a tsakanin kaya don kada ya faɗo, fuska a naɗe da rawani, jarkar ruwa a lulluɓe da buhu. Duk wanda ya hau ya san cewa idan ya faɗo da dare ba lallai direba ya tsaya ba, kuma na kusa da shi ba lallai ya yi ihu ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance a jihar Damagaram. Namu ne, Hausa suke ji.

Abin da nake nufi shi ne, na zauna da waɗanda suka dawo daga wannan hanya, kuma kusan kowannensu yana da wurin da labarinsa ke tsayawa ya yi tsalle. Zai gaya maka ranar da suka tashi, ya gaya maka ranar da suka isa Sabha a Libiya, amma akwai kwana biyu a tsakiya da ba ya taɓawa. Ba na cewa duk sun aikata irin abin da Bol ya aikata. Ina cewa wanda bai taɓa tsayawa a bakin ƙofar mota ta ƙarshe ba, ana harbi a bayansa, ya yi a hankali wajen rantsuwa kan abin da shi zai yi.

Uwar Biyu:
Ƙanena, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma raba mu da irin wannan jarrabawa. Ban rantse cewa na fi Bol ba. Amma fahimtar dalilin mutum ba ta mayar da yarinya ga uwarta.

Malam Na Tudun Wada:
Ku biyun duk kuna kan hanya, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da haɗa maganganunku wuri ɗaya. Akwai ƙa'idar da ta ce larura tana halatta abin da aka hana, akwai kuma wadda ke biye da ita tana yi mata linzami, cewa matsuwa ba ta ɓata haƙƙin wani. Misalin da ake bayarwa shi ne wanda yunwa za ta kashe ya ci abincin wani ba da izini ba: ba a kama shi da zunubin sata, amma biyan kuɗin abincin yana nan a kansa. Sai dai ko wannan sassaucin a kan dukiya yake, bai kai ga ka fanshi ranka da ran wani ko da ɗan wani ba. Saboda haka Ɗan Agadas ya yi gaskiya cewa mu ji tsoron hukunta zuciyar Bol, Uwar Biyu kuma ta yi gaskiya cewa bashin yana nan. Matsalar Bol ita ce wadda zai biya ba ta nan, yarinyar ta mutu, uwar kuma babu wanda ya san ko ta tsira. Ina jin saboda haka ne marubutan suka kawo apeth, don a samu wanda zai tsaya a matsayin mai karɓar bashi.

Ɗan Zazzau:
Ina so mu koma kan Rial, domin muna ta shari'ar Bol kamar ita ba ta cikin motar. Ta ga uwar tana gudu, ba ta ce a tsaya ba. Abin da ta yi daga baya ya fi ba ni tsoro: ta shawo kan zuciyarta har ta yarda cewa Nyagak 'yar cikinta ce, tana makokinta a matsayin uwa, tana shirin miƙa mijinta ga apeth don a dawo mata da ita. Sai da ta fita ta taga, bayan Bol ya cire mariƙan ƙofofi ya kulle ta, ta tsinci kanta a ajin makarantar da aka kashe ƙawayenta ita tana ɓoye a cikin kabad, sannan matan nan suka sa ta tuna cewa ba ta da 'ya. Ashe asiri biyu ne a gidan, na Bol da ya sani yake ɓoyewa, da na Rial da ta ɓoye wa kanta har ta manta inda ta ajiye shi.

Kuma wurin da take nuna wa likita tsagar jikinta ya taɓa ni, domin mu ma mun san zane. Kakata tana da nata a kumatu, wanzami ya yi mata tana jaririya, kuma da shi ake gane asalin mutum tun kafin ya buɗe baki. Rial ta ce wani zanen tun tana ƙarama aka yi mata, wani kuma ita ta yi wa kanta da wuƙa, saboda ƙabilu biyu ne ke kashe juna a yankinsu, sai ta ɗauki alamar kowanne don ta tsira. Fim ɗin bai tsaya yi mana darasin siyasa ba, amma wanda ya bi labarai ya san Sudan ta Kudu ta samu 'yanci ranar 9 ga Yulin 2011, yaƙi ya ɓarke a Disamban 2013 tsakanin ɓangaren shugaban ƙasa Salva Kiir da na tsohon mataimakinsa Riek Machar, ya kuma rikiɗe ya ɗauki launin faɗan ƙabilanci tsakanin Dinka da Nuwer a wurare da yawa. Matar da ta riga ta tsaga fatarta don ta rayu, ba abin mamaki ba ne ta tsaga tunaninta ma.

Maman Hanif:
Ɗan Zazzau, ka tuna mini da wurin da ya fi yi mini ciwo, kuma babu fatalwa a cikinsa ko ɗaya. Rial ta fita neman asibiti da taswirar da Bol ya zana mata, ta ɓata a cikin lunguna masu kama da juna, sai ta hango samari baƙar fata, ta nufe su da murna tana zaton ta ga 'yan'uwa. Suka yi ta kwaikwayon maganarta suna dariya, suka ce ta koma Afirka. Duk wanda ya yi zaman baƙunta ya san wannan kunyar. Shi ya sa har yanzu nake cewa a rubuta wa gidan da unguwar nasu kason, Baban Ikram, ko da kuwa ƙarami ne.

Baban Ikram:
Na karɓa, Hajiya, a rubuta musu. To saura ƙarshen, wanda shi ne ban gama yanke hukunci a kansa ba. Bol ya yanka hannunsa ya miƙa kansa, apeth ya fito daga ƙasan ɗakin girki ya fara shiga jikinsa, sai Rial ta fasa cinikin, ta yanka wuyan apeth ta ceci mijinta. Da jami'ai suka zo duba gida sun tarar an lilliƙe ramukan bango, su biyun suka ce sun zaɓi zama, muka kuma ga ɗakunan cike da waɗanda suka nutse suna tsaye shiru, Nyagak a bakin ƙofa. Shin wannan biyan bashi ne, ko kashe mai bin bashi ne?

Ɗan Agadas:
Yaya, ni na fahimce shi a matsayin ƙin ciniki na biyu. A bakin mota sun ba da ran wani don su sami nasu. Apeth ya zo musu da irin wannan cinikin, a ba shi Bol ya ba da Nyagak, kai da kai. Da Rial ta amince, da ta maimaita abin da ya jefa su cikin masifar tun farko. Matattun kuma ba su tafi ba, sun zauna a gidan, sai dai yanzu ba a cikin bango suke ba, a tsakar ɗaki suke inda ake ganinsu.

Uwar Biyu:
Na ji wannan fassarar, kuma tana da kyau, amma ku lura da abu ɗaya. A gaban jami'an nan babu wanda ya ce yarinyar da aka rubuta a takardunsu a matsayin 'yarsu ba tasu ba ce. Sun faɗa wa juna gaskiya, sun faɗa wa fatalwa, amma ba su faɗa wa wani mai rai da zai iya neman uwar ba, alhali ƙungiyar Red Cross tana da sashe na musamman na neman dangin da yaƙi ya raba. Na san dalili, idan suka faɗa za a iya mayar da su inda suka fito. To ashe asirin yana nan, an dai shafe shi da sabon fenti.

Malam Na Tudun Wada:
Hajiya, wannan ban lura da shi ba sai da kika faɗa, kuma ba ni da amsarsa. Zan sake kallon minti goma na ƙarshe a daren nan, ina so in duba ko a cikin mutanen da suka cika ɗakin akwai uwar yarinyar, domin idan tana ciki to fim ɗin yana gaya mana ta mutu a bakin motar, idan kuma ba ta ciki, tana can wani wuri tana jira.

Baban Ikram:
Malam, idan ka duba ka sanar da mu. Uwargida ta karanta duk abin da aka rubuta, ta ce a gaya wa Uwar Biyu tana tare da ita, ta kuma ce ba za a sake kunna fim ɗin a gidan nan bayan isha'i ba, domin tun jiya Ikram ke tambayar abin da ke motsi a silin.